Babban Yatsan Irmiya

Irmiya ya sare kan dodo na bakwai tun kafin shayinsa ya huce. Ya ajiye wayar a kan teburin gyara, ya dubi maƙwabtan shagonsa kamar mai jiran tafi.

A duk masu gyaran waya na Kontagora ba wanda ya kai shi saurin yatsa a gem. Irin wasannin nan da mutum ke zama jarumi, ya bi gari-gari yana zance da jama'a yana yaƙi, shi yaƙin kaɗai ya sani. Da zarar wani ya buɗe baki a fuskar waya, sai ya danna "wuce".

Naomi kuwa zancen ne ya dame ta. Malamar kwamfuta ce a wata sakandare, 'yar Rijau, ta shekara biyu tana haɗa nata gem ɗin da Hausa. Watansu takwas suna neman juna. Wata Lahadi bayan an tashi daga coci ya ce mata yana son ya turo manyansa. Ta sunkuyar da kai, ta ce bakinta ba zai iya ba, amma zai ji daga gare ta.

Ranar Laraba ta zo shago ta tura masa gem ɗin.

"Wannan naka ne kai kaɗai," in ji ta. "Duk abin da ka zaɓa zan gani a kwamfutata. Don Allah ka karanta, Irmiya."

Kwana biyu ya yi ya gama. Yaƙin bai ishe shi ko ɗumama hannu ba. Maƙeri ya fara ba shi labari, ya wuce. Makiyayi ya yi masa sallama, ya wuce. A bakin wata gada kuma wata mai fura ta tare masa hanya da dogon jawabi, a ƙasansa alamu biyu, ƙwarya da takobi. Bai ɓata lokaci ba. Ƙwaryarta ta kife, ta kauce, ya haye.

Ranar Juma'a Naomi ta dawo, idanunta a kumbure. Ya ɗauka mura ce.

"Ka karanta abin da mai fura ta ce?"

"Kalma-kalma," in ji shi, yana kwance murfin wata waya.

"Kuma ka danna takobi."

"To me zan yi da ita? Surutu ne kawai, ba abin da nake buƙata a ciki."

Ta ɗauki jakarta. Sannan ta ce ta gode da ya faɗi gaskiya, ta fita.

Daga ranar ta daina ɗaga wayarsa. Shi kuma ya zauna jiran amsar da ta yi alkawari, don a ganinsa namiji ba ya roƙo sau biyu. Ya gaya wa abokai cewa ta yi fushi ne don ya kushe mata gem, mutum kuwa in ba ya son gyara ba zai ci gaba ba. Ƙarshen zango ta nemi canjin makaranta ta koma Minna. Bayan shekara katin aurenta ya iso ta hannun wata ƙawarta: Naomi da Markus, wani malamin adabi.

Bai je ba. Da safiyar Asabar ɗin bikin ya buɗe shago kamar kullum, sai hankalinsa ya tafi wani wuri, ƙarfen da yake narka dalma da shi ya sauka a kan babban yatsansa na dama. Mai kemis ya naɗe masa da bandeji, ya ce sati guda ba aiki.

Zaman banza ya sa ya buɗe gem ɗinta. Da hannun hagu yaƙi ya gagara, dodo na farko ma ya kashe shi sau huɗu. Dole ya tsaya ya saurari maƙeri.

Ashe maƙerin ɗan barkwanci ne, har Irmiya ya yi dariya shi kaɗai. Ashe makiyayin ya san hanyar da ba dodo ko ɗaya. Ashe dodanni uku cikin bakwai yunwa kawai suke ji, da an tambaye su da sun faɗa. Azahar ta yi bai ci abinci ba. Ya yarda a ransa cewa yarinyar nan ta iya rubutu, har ya ji haushin bai gaya mata ba.

Da ya iso bakin gada, mai fura ta tare shi. Ya gyara zama, ya karanta a hankali, kalma-kalma.

"Irmiya, ni ce Naomi. Na amince. In har yanzu kana so, karɓi ƙwaryar nan, ka turo manyanka Rijau. In kuwa ka fasa, danna takobi, ba zan sake tayar maka da maganar ba."