Kofin da Noelene Ba Ta Ɗanɗana Ba

Noelene ta zuba barasar rake, ta matsa lemon tsami, ta jefa ƙanƙara, ta girgiza. Sai ta tura wa mijinta Darcy kofin.

Gaban Darcy ya faɗi. Tun da ta fara aiki a wannan mashaya ta garin Cairns, ba ta taɓa miƙa kofi ba sai ta tsoma ɗan bututu ta ɗiga a harshenta. Haka masu sana'ar suke yi. Yau ba ta ɗanɗana ba.

Wata guda ke nan da binne 'yarsu Pia. Shi ya bar ƙofar wurin ninkaya na gidansu a buɗe, yarinyar ta faɗa ruwa ta nitse. Tun ranar Noelene ba ta ce masa uffan ba, sai yau da ta kira shi ya zo.

Ya dubi kofin, ya dube ta. Wato ta zuba masa wani abu a ciki, in ji zuciyarsa. A ransa bai ga laifinta ba.

"Idan haka zai sanyaya miki rai, Noe, na yarda," ya ce. Ya rufe ido ya shanye, ya zauna yana jiran mutuwa.

"Sakarai kawai," ta ce, hawaye na zuba. "Ka zaci kashe ka zan yi?"

"To me ya hana ki ɗanɗanawa?"

Ta jawo hannunsa ta ɗora a cikinta.

"Ciki gare ni, likita ta ce ko ɗigo kada in sha. Je ka gyara ƙofar wurin ninkayar nan."