Sunan Da Ke Ƙarƙashin Tafin Hannu

"Kawo nan!" Babban likita ya fizge hoton ƙirjin daga hannun ƙaramar likita, ya manna shi a allon haske a gaban ɗalibai. Kamar yadda ya saba in zai koyar, ya danne sunan mai hoton da tafin hannu, ko dubawa bai yi ba.

"Ranka ya daɗe, a ofis na so ka gani," ta ce.

"A nan za a gani." Ya juya ga wani ɗalibi. "Kai, me ke damun wannan?"

"Ban sani ba," in ji ɗalibin.

"Ba a faɗin haka a gabana! Likita ba ya cewa bai sani ba." Ya nuna farin tabo a huhun dama. "Ciwon daji ne, ya ci ƙarfinsa. Mai shi ya daɗe yana tari, wani sakaran likita na ce masa mura ce. Ba zai ga baɗi ba, ku rubuta ku ajiye."

Ƙaramar likita ta runtse ido.

Sai tari ya sarƙe babban likita, tarin nan da ya yi watanni yana cewa mura ce. Ya ɗauke hannu don ya toshe baki, sunan ya bayyana. Nasa ne, daga gwajin ma'aikata da ya je yana tsaki.

Wata ɗaliba can baya, da ba ta hango sunan ba, ta ce, "Malam, to ba sauran dabara ke nan?"

Ya daɗe yana kallon hoton.

"Ban sani ba," ya ce.