Mudun Riɗi a Kan Sarƙa

Bari in ba ka misali. An yi wata mata mai rubuta manhaja, ƙungiyar manoman riɗi ta ɗauke ta aiki, don kowane buhu ya tafi ƙasar waje da shaidar gonarsa da nauyinsa. Shaidar kuwa a kan bulokcen za ta hau, sarƙar bayanan nan da in abu ya shiga ba ya goguwa. In nauyin da aka rubuta ya saɓa wa na sikeli, mai saye zai mayar da kayan, noman shekara ya tashi a tutar babu. Ita dai ba ta faɗa wa babban aikin kai tsaye ba. Sai ta zauna tana ƙera 'yan ƙananan umarni, kowanne da aikinsa guda: wannan ya mayar da mudu kilo, wancan ya tace sunayen gonaki, wani ya haɗa jimla. Abin da ka ba kowanne, amsa iri ɗaya zai ba ka yau da gobe, kuma ba ya taɓa kayan maƙwabcinsa. Shugaban ƙungiyar ya gaji da jira, ya ce, "Baiwar Allah, gida muka ce ki gina, ke kuma kin tsaya feƙe tsinke!" Maganar ta yi mata ciwo, amma ta haɗiye ta ci gaba.

Ana gab da ɗora kayan farko, ta jarraba umarnan ɗaya bayan ɗaya da awon gaske, sai na mudu ya ƙi yarda da sikeli. Ta shiga bincike. Ashe manoman hayin kogi mudunsu ya fi na kasuwar gari ciki, kuma ba wanda ya taɓa faɗa, don kowa a wurinsa mudu mudu ne. Da awon a warwatse yake cikin manhajar, da sai ta yi ta lalube kamar mai neman allura a rumbu, kuma da wuya wani bai kuɓuce mata ya hau sarƙa ba. Amma wuri guda yake zaune. Ta koya wa umarnin mudu tambayar mudun wace kasuwa ne, sauran umarnan ko motsi ba su yi ba. Riɗi ya tafi, ko buhu ɗaya bai dawo ba.

Wallahi irin wannan hannun yana burge ni. Abin da ba ya gyaruwa bayan ya bushe, da ɗanyensa ake kula da shi. Shi ya sa Hausawa suka ce, tun ran gini, tun ran zane.