Turken Rijiya ta Biyu

Da fizga ɗaya Shaƙiyyi ya tumɓuke turken, ya waiga hagu da dama. Rana ta take, layin ba kowa. Tun safe ya ga ma'aikatan hukumar ruwa suna aune-aune a filin, don haka da ya hangi turke mai jan ƙyalle bai tambayi kowa ba. Nan za a haƙa rijiyar burtsatse ta biyu, kuma taubashinsa ne mai injin haƙar.

Shaƙiyyi fa ba kanwar lasa ba ne. Shi ya taɓa ɗinke wa tela bakin aljihu yana gyangyaɗi. Makaranta ma barin ta ya yi, wai ya riga malaman gane karatun. Ya kai turken can bayan gidansu, tsakanin tsohuwar rijiya da masai na kasuwa, ya kafa. Nufinsa taubashi ya kwana biyu yana shaƙar wari, a yi dariya, shi ke nan.

Da yamma akuyar mai wanki ta shiga gidan mutane ta yi ɓarna. Abincin Inna mahaifiyarsa kuwa sai ƙaurin kananzir.

"Inna, da fitila kika juya miyar?"

Tana zaune dafe da ƙugu, ita da kullum gwiwa take kuka da ita, da dogon layin tsohuwar rijiya, da nisan filin da za a haƙa sabuwar.

Washegari ya bi motar kaya. Ko da ya dawo, rijiya na tsiyayar da ruwa a bayan gida, kusan inda ya kafa turken. Ya yi ta ƙunshe dariya.

Dariyar ba ta kai damina ba. Tsohuwar rijiya ta fara tari, ta koma ɗiga. Sabuwar ta soma ɗan wari. Yara suka kwanta da gudawa, har da 'yarsa, wadda ta rame sai idanu. Injiniyar hukumar ruwa ta zo ta tara mutanen layi ta yi bayani: ƙasar nan yashi ce, ruwan ba zurfi. Rijiya biyu dab da juna kamar mutum biyu ne a kofi ɗaya, suna zuƙa har suka janyo abin da ke cikin masai. Ta rufe duka biyun. Hukuma ta dakatar da taubashi, wai ya haƙa inda ba a nuna masa ba.

Shaƙiyyi ya daina tsokana. Ya ari kurar 'yan ga-ruwa yana kai wa maƙwabta ruwa daga nesa, kyauta, ana ta sa masa albarka, kowace albarka kamar mari. Inna ta tare a gefen jikarta, abinci ma sai an matsa mata. Taubashi ya zo dubiya, hannu a aljihu.

"Gobe za su yanke, kora ko a'a. Wallahi inda na tarar da alama nan na haƙa. Kai ma ka yi shiru, ɗan banza? Ko zolayar ba ka yi min."

Da safe Shaƙiyyi ya riga kowa zuwa ofishin hukumar. Ya tsaya gaban Injiniya yana murza hula, ya zayyane komai.

"Turke?" ta ce. "Mu ba ma kafa turke, yara na cirewa. Ƙaton dutse muke ajiyewa, mu shafe shi da jan fenti. Amma ka tuna min abu: ko dutsen ma ana iya ɗauka. Zan ce a dakata da korar."

Sai a lokacin akuyar mai wanki ta faɗo masa a rai.

Ya shigo gida yana fito, kamar an sauke masa buhu. Inna na shafa wa yarinyar ruwa a goshi.

"Inna, ashe ba ni ba ne. Turken akuya na cire, ni gwanin banza. Wai dutse ne alamarsu. Yanzu sai a nemo marar imanin da ya ɗauke shi."

Inna ta matse tsumman, ta daɗe tana kallon tafin hannunta.

"Nauyi gare shi," ta ce, "ga fentin bai bushe ba, sai da kananzir ya fita daga hannuna."