Awon Inna

Tun da aka kafa dokar Gidan Ajiya, duk mai shago yakan kai tsofaffin takardunsa can. Da zarar an karɓa, abin da ke cikinsu sai ya goge daga ƙwaƙwalwarsa, wai don rufin asirin jama'a.

Da hantsi na raka Babana, wanda tela ne, ɗauke da kwalin takardun awo. A hanya yana ta maimaita awon marigayiya Innata kamar mai tilawa.

Da muka isa, ya ce wa ma'aikaciyar wurin, "Malama, don Allah a bar mini wannan shafin, awon matata ne."

"Ai a shagonka aka ɗinka mata, Baba. Sai haƙuri."

Da muka fito, ya tsaya ya buɗe hannuwansa daidai faɗin kafaɗun Inna, ya dube ni.

"Hanne, me nake aunawa?"