Akwatin Wutar da Ya Gaza

Kwamfutar Teun ba ta mutuwa sai wasan bidiyon da yake bugawa ya yi zafi. In takardar neman aiki yake rubutawa, lafiya lau take yini.

Tun da aka sallame shi daga tashar jiragen ruwa ya tare gabanta. Matarsa Marloes kan dawo daga aikin kafa faranti masu zuƙar hasken rana ta iske abincinsa ya huce, shi ko juyowa ba ya yi. Da kwamfutar ta fara ɗaukewa ya ɗan soma fitowa falo, amma da fushi yake fitowa.

Ran Asabar ya ɗaura ta a keke zuwa zauren unguwa, inda masu sa-kai ke gyara kyauta, mai kaya kuma dole ya zauna a yi a gabansa. Marloes ta ce a bari tukuna. Da ya ƙi, ta bi shi.

Gerrit, tsohon da ke teburin lantarki, yana laluben sukudireba Marloes ta miƙa masa wadda ta dace. Ya buɗe, ya nuna akwatin da ke raba wa kowane ɓangare wuta. Ya ce rubutu ba ya cin komai, amma in wasa ya ɗau zafi katin da ke fitar da hoto kaɗai yakan ja wutar da ta kai wat ɗari uku, ƙwaƙwalwar ta ja nata, ga fankoki. Akwatin kuwa ɗari uku da hamsin ne. In aka nemi abin da ya fi ƙarfinsa, kashe kansa yake don kada ya ƙone.

"Wa ya haɗa maka ita, ɗana? Ya ɗora wa jaki kayan raƙumi."

Ruben ƙanen Teun ne ya haɗa ta, ya kuma rantse mai ɗari bakwai da hamsin ya sa. Ruben da ba su daɗe da shiryawa ba bayan rigimar gadon mahaifinsu.

Teun ya ce ashe ɓarawo ba ya tuba. Daga yau ba shi da ƙane, kuma yanzu zai faɗa masa. Marloes ta ce ya bari su je gida. Ya lalubo lambar. Wayar ta fara ringi.

Ta dafe hannunsa.

"Kashe, Teun. Akwatin da Ruben ya sa yana cikin motar aikina. Ni na canja shi."