Baka Mai Faɗi

Wata babbar mota ta ja birki a sabuwar ƙofar masana'anta. Kayanta sun ɗara bakan da aka gina a saman ƙofar tsayi da rabin mita.

Wata uku baya injiniya ya zana baka biyu, ya zaɓi mai faɗin, wai ya fi tsayi. Ni birkila na nemo tsakiyar kowanne, na lissafa ƙololuwarsa a bayan buhun siminti: mai faɗi mita huɗu, siriri biyar.

Na ce, "Yallaɓai, duba nan."

Ya yi dariya gaban leburori. "Baba, riƙe cokalin gininka, bar mana lissafi."

Na riƙe. Na gina masa kuskurensa tsaf.

Yanzu mai masana'anta na korarsa, shi kuwa idonsa na nemana cikin taro. Na ɗaga masa cokalina.